Ga ɗan'uwan da kifi ke tasowa a gabansa amma ya ƙi cin ƙugiya

Kai ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da na yi dariya ni kaɗai a mota, ba dariyar mugunta ba wallahi, kamar labarina ka ɗauko ka rubuta. Ka ce sau uku kana zuwa fatsa kogin South Platte wajen ƙauyen Deckers a jihar Kolorado ta Amurka cikin Nuwamba, kifin turawut na tasowa yana tsince abu a saman ruwa amma ko kallon ƙwaron bogin da ke jikin ƙugiyarka ba ya yi. Ni kaka guda cur na yi a haka.

Wanda ya cuce ni wani mai shagon kayan fatsa ne, ba zan faɗi shagon ba. Na shiga da gaskiyata na ce masa ni sabon shiga ne, me kifi ke ci yanzu, mutumin nan ya kalle ni sama da ƙasa ya kwaso min manyan fara na roba, masu ƙugiya lamba 8 da 10 (manya ke nan, lamba na hawa ƙugiya na ƙanƙancewa), kayan lokacin zafi da suka yi masa kwantai. Ni kuma ban kawo komai a raina ba, tunda a gida ai kaka ce lokacin fara, har da godiya na yi masa. Ashe a Kolorado sanyi ya daɗe da gamawa da fara. Ya sani sarai, sana'arsa ce fa, kawai ya ga baƙo ne ya ce bari in sauke kaya. Har yau in na wuce ta layin sai raina ya ɓaci.

Ranar da ba zan manta ba, ina idar da asuba na bar birnin Denba, bakwai da rabi ina cikin ruwa, ƙanƙara na daskarewa a ƙawanyoyin sanda ina ɓalle ta da yatsa, na yi ta jifa har wajen sha ɗaya ba ko taɓi, sai santsin dutse ya kwashe ni, ruwa ya cika min wandon shiga ruwa, waya ta mutu a aljihu, na fito haƙora na haɗuwa. Ina tuɓe safa a bayan mota sai ga wani dattijo a lokacin ma ya iso, yana kurɓar kofi abinsa. Ya duba akwatin ƙwarina ya girgiza kai, ya ciro wani ɗan abu da bai kai ƙwayar shinkafa ba ya ba ni. Na koma gida uwargida ta ce to Sarkin Ruwa ina kifin.

To ka daina sammako, wannan ba kasuwa ba ce. Da safe ruwan ya yi sanyi da yawa, kifin na kwance a ƙasa. Ƙwarin sai rana ta ɗaga, daga sha biyu zuwa uku haka, ni nakan yi azahar a bakin kogi da wuri in shiga. Kuma ranar da gari ya yi lumshi, ana yayyafi ko ɗan ƙanƙara na sauka, ita ce ranarka, a nan BWO, ƙananan ƙwarin ruwan nan masu shuɗin fiffike, ke fitowa kamar shinge bayan ruwan farko, suna daɗewa a kan ruwa kafin fiffiken ya bushe su tashi. Lamba 20 ko 22 za ka ɗaura, in mij ne ƙananan nan masu kama da sauro har 24, da siririn zaren nan 6X. Ni idona ya fara gajiya, sai da na sayi tabarau kafin in iya zura zaren.

Tsaya ma, ka lura da yadda yake tasowa? In bayansa da jela kake gani ba baki ba, to ba a sama yake ci ba, waɗanda ke hanyar fitowa yake tara a ƙasan fatar ruwa. Ɗaura RS2 ko ƙaramin Pheasant Tail, ƙwarin bogi masu kama da waɗanda ba su gama fitowa ba, a bayan na saman. Kuma ka bar shi ya tafi da gudun ruwa, da zaren ya ja shi ko kaɗan shikenan, kifin Deckers ya ga ƙugiya ta fi dubu.

Don Allah kuma ka kula da inda kake taka ƙafa, a wannan lokacin na Nuwamba turawut masu ruwan ƙasa-ƙasa na zuba ƙwai, in ka ga tsakuwa ta yi fes a wuri mara zurfi kamar an share, gidan ƙwai ne, zagaye shi, kifin da ke kai ma ka ƙyale shi. Na taɓa takawa cikin rashin sani wani ya yi min tsawa daga tsallake, na ji haushi amma shi ke da gaskiya.

Ka sa wayarka a leda, ka ajiye busassun kaya a but. Faran nan guda tara suna nan a durowa, in akwai mai so cikin Agusta ya yi magana kyauta ne.