Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya a kan Ishaya 63:17

Salama, 'yar'uwa. Kin ce wata gwauruwa a Zumuntar Mata taku ta fashe da kuka cikin addu'a tana cewa "Ya Uba, me ya sa ka yi shiru?", sai wasu suka ce ta yi saɓo. Ke kuma kin karanta inda Ishaya yake tambayar Allah don me ya sa jama'arsa suka kauce daga hanyarsa, don me ya taurare zukatansu, kanki ya ɗaure. Shin mai bi yana da izinin yi wa Allah irin wannan magana?

Yana da shi, matar nan kuma ba ta yi saɓo ba. Amma kada ki tsaya a aya ta 17 kaɗai. Addu'a guda ce, ta fara daga 63:7 ta ƙare a 64:12, kuma da yabo ta fara: yadda Allah ya ɗauki jama'arsa a kwanakin dā, yadda ya raba teku ta hannun Musa. Sai bayan annabi ya gama tuna alherin nan ya ce, to ina himmarka yanzu, ina jinƙanka? Masu wannan kuka mutane ne da birninsu ya zama kufai. Sojojin Nebukadnezzar na Babila sun ƙone Haikalin Urushalima wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, a 64:11 kuma ana kukan gidan da kakanni suka yi sujada a ciki, wanda wuta ta cinye.

Mu da muka gudu daga Mubi lokacin da Boko Haram suka shiga garin a ƙarshen Oktoba 2014 ba ma bukatar a yi mana fassarar ayar nan. A Yola, cikin masu gudun hijira, na riƙa bi da addu'ar safe. Na lura waɗanda suka fi ba ni tsoro ba masu kuka ba ne. Waɗanda suka yi tsit ne, in ka tambaye su sai su ce "mun gode wa Allah", alhali sun daina addu'a gaba ɗaya. Masu kuka kuwa, waɗanda suke ta tambayar Allah har muryarsu ta dushe, su ne suka fara tashi suna dafa wa marayu abinci. Da muka koma muka tarar da majami'armu babu rufi, bangon ya yi baƙi, Ishaya 64 muka karanta a tsaye cikin toka, ba wanda ya ce annabi ya wuce gona da iri.

Akwai gunaguni, kuma zunubi ne. A Littafin Ƙidaya 14 Isra'ilawa sun juya wa Allah baya, suna ce wa juna a naɗa shugaba a koma Masar. Ishaya bai je ko'ina ba. Fuskarsa na wajen Allah, sau uku kuma yana cewa kai ne Ubanmu, biyu a 63:16, ɗaya a 64:8. Har ya ce ko Ibrahim bai san da su ba, ko Isra'ila, wato kakansu Yakubu, bai amince da su ba, Ubangiji ne Ubansu, Mai Fansarsu tun dā. A Littafin Firistoci 25, in talauci ya sa mutum ya sayar da gonarsa ko kansa, dangi na kusa ne ke zuwa ya fanshe shi, kamar yadda Bo'aza ya yi wa gidan Na'omi. Wato annabi yana cewa dangi sun ƙare, kai kaɗai ka rage, hakkinmu yana wuyanka. Bare ba ya magana haka, sai ɗan gida.

Aya ta 17 tana da nauyi, ban raina ta ba. Sai dai bakin da ya ce "don me ka taurare zukatanmu" shi ne ya ce a 64:6 dukanmu mun ƙazantu, ayyukanmu na adalci kamar tsumma mai dauɗa ne. Bai wanke kansa ba, bai kuma ce "su" ba, "mu" ya ce. Sannan ya ce mu yumɓu ne, kai ne maginin tukwane. Yesu kansa a kan gicciye, da kalmomin Zabura 22, ya tambayi Allah don me ya yashe shi.

Saboda haka ki je wurin matan nan da ladabi, tunda wasunsu iyayenki ne, ki roƙe su kada su ƙara tsawata mata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ita kuma ki ziyarce ta a gida, ku karanta addu'ar tare daga farko har 64:12, inda ta ƙare da tambaya: za ka ci gaba da yin shiru? Kada ki yi saurin kai ta sura 65 don ki nuna mata amsa a ranar. In ta daina zuwa Zumunta ko ta daina cin abinci, ki sanar da matar fasto ba tare da ɓata lokaci ba.