Ga 'yar uwar da ta tambaya ko ta tura kuɗi kawai ta yi zamanta a Legas

Assalamu alaikum 'yar uwa, Allah ya jiƙan Mama ya gafarta mata ya sa Aljanna ce makomarta. Na karanta tambayarki, kin ce yayyenki sun sa ranar haɗuwa a gida Funtua a yi mata addu'a tunda shekara ta zagayo, ke kuma kina Legas da yara uku ga kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, shin ki tura naki kason ko ki daure ki je, sannan wasu a gidan na cewa taron ma bidi'a ne. Wallahi kamar labarina kika rubuta shi yasa na kasa wucewa.

Ni a Agege nake aure, gidanmu Malumfashi, kin ga maƙwabta ne mu. Innarmu ta rasu a 2022, ban samu jana'iza ba don kafin in haɗa kaya har an kai ta, na dai je zaman makoki kwana bakwai kuma a kwanakin nan ban san ma inda kaina yake ba, mutane ne kawai ke shiga suna fita ana ya haƙuri ya haƙuri. Sai a watan Fabrairun 2023 Yaya Babba ya ce kowa ya dawo gida mu haɗu, kuma kin san lokacin ne ake tsakiyar wahalar canjin kuɗi, kuɗinka na banki amma ba ka da ko na ruwan leda a hannu, masu POS sai abin da suka ga dama suke cira. Maigidana ya ce in tura kuɗi mana, ni ma zuciyata ta so hakan, amma Goggonmu ƙanwar Inna ta kira ni ta ce "ke kuɗinki muke nema ko fuskarki?" Daga nan ban ƙara shawara da kowa ba sai neman izinin maigida, Allah ya saka masa ya bar ni.

Maganar hanya a taƙaice, in da hali ki bar manyan yaran saboda makaranta ki ɗauki ƙaramin kawai, tafiyar nan ta kusa kwana ce a zaune. Mu ta Lokoja da Abuja muka bi zuwa Kaduna, sai Zariya sai Funtua, ta fi nisa amma direban ya ce ba zai bi ta Birnin Gwari ba kowa kuma ya san dalili. Ki lissafa yadda za ki shiga yankinmu da rana tsaka, in dare ya yi miki a Kaduna ko Zariya ki kwana wajen 'yan uwa, kar ki yarda da a ƙarasa kawai. Ki riƙe tsabar kuɗi kaɗan a jiki, da ruwa da abin taɓawa da maganin yaro. Ƙanena dake Abuja shi jirgin ƙasa ya hau daga Idu zuwa Rigasa muka haɗu a Kaduna.

To batun bidi'a, mu ma an yi wannan a gidanmu har aka kusa ɓatawa, ɗaya yayana ɗan Izala ne ya ce shi ba ruwansa da sadakar uku da bakwai da arba'in balle ta shekara, Kawu kuma ɗan ɗarika ne ya ce sai an tara malamai an yi sauka an raba waina da gumba kamar yadda aka yi wa kakanni. Ni ba malama ba ce ba zan yanke miki hukunci ba, ki tambayi malamin da kika yarda da shi. Abin da ya raba mana gardama shi ne ba mu ɗaure taron da ranar da ta rasu ba, muka ce taron zumunci ne na 'ya'yanta da jikokinta, wanda zai yi sauka ya yi, wanda zai yi addu'arsa shi kaɗai ya yi, ba wanda ya hana wani. Kuma duk suka haɗu a kan hadisin Sa'ad bin Ubada da mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi Annabi (SAW) wace sadaka ce ta fi aka ce masa ruwa, ya haƙa mata rijiya. Sai kuɗin da aka so a kashe a anko da kanofi da kujeru muka juya shi aka gyara rijiyar ƙofar gida aka yi mata murfi, har yau unguwa na ɗiba.

Amma abin da yasa nake ce miki ki je da ƙafarki ba wannan ba ne. Na isa kwana biyu kafin taron, ni da yayata muka buɗe ɗakin Inna, ƙamshin turarenta na nan a cikin adaka, muka yi kukan da ban samu na yi ba lokacin makoki. Muna cikin haka ƙawarta ta tun 'yanmatanci ta shigo da sanda, tsohuwa tukuf, ta zauna bakin gado tana ba mu labarin Inna da ba mu taɓa ji ba, ashe shekara da shekaru duk ranar Juma'a Inna na aika wa wata makauniya a bayan layinmu kwanon tuwo, tunda ta rasu kwanon ya tsaya ba wanda ya sani a cikinmu. A bakinta muka ji akwai sauran zubin adashe da Inna ba ta ƙarasa ba, uwar adashen ta ji nauyin yi mana magana muna cikin rashi, da kuɗin mai itace ɗan kaɗan. A ranar muka biya. Ki faɗa min ta ina alat ɗin banki zai jiyo miki wannan? Maza ba sa sanin irin waɗannan, su da safe suka tafi maƙabarta ziyara suka dawo, ƙananan basussukan mace da alkawuranta a bakin mata suke, sai 'yarta ta zauna a tabarma ake faɗa mata.

Abu ɗaya da zan roƙe ki, kar ku bari a taɓo maganar gado a ranar. Mu wata matar yayanmu ta ɗauko zancen ɗan kunnen gwal ɗin Inna ana tsakiyar cin abinci, nan take wuri ya yi tsit, da ƙyar Goggo ta kashe wutar. In ba a raba ba ku sa wata rana daban a kira malamin da ya san rabon gado, a yi shi a rubuce da shaidu.

In kuɗin ne da gaske babu, ki faɗa wa yayyenki gaskiya ba kunya, a rage naki kason na abinci a cika miki na mota, mu haka muka yi wa autarmu dake Fatakwal. Ki tafi da 'yar tsaraba ta ƙawayen Mama ko sabulu da atamfa ɗaya ce, ki bi su gida gida ki gaishe su. Ita ƙawar Innar tamu ba ta kai azumin shekarar da ta biyo ba, ganin da na yi mata ranar shi ne na ƙarshe. Kwanon tuwon Juma'a kuma yanzu yayata ke aikawa, ni nake turo kuɗin hatsin duk wata.

Allah ya kai ki lafiya ya dawo da ke lafiya, in kin isa ki gaida mutan gida.