Tambaya da Amsa: Ya aka yi Cloud na Final Fantasy ya shiga Smash Bros?

Tambaya: Salamu alaikum yayana, daga Gusau nike rubuto maka. Gardama muke a gidan gem na unguwarmu, wani ya ce Cloud mai ƙaton takobin nan ɗan PlayStation ne, to mi ya kai shi cikin Super Smash Bros na Nintendo? Kuma ƙarfinshi ɗaya ne da na cikin Final Fantasy VII?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Abokin naka bai yi ƙarya ba, amma bai kai ƙarshen zancen ba. Cloud ba na Sony ba ne, na kamfanin Square Enix ne na Japan. Final Fantasy na farko ya fito a 1987, kuma tun daga shi har na shida duk a na'urorin Nintendo suka fara fitowa. A na bakwai ne aka raba gari a 1997, don Nintendo 64 ta tsaya kan kaset wanda ba ya ɗaukar kaya da yawa, ita kuma PlayStation faifan CD take ci, gem ɗin kuwa sai da ya cinye faifai uku. Shi ya sa da aka saka Cloud a Smash na Wii U da 3DS a Disamban 2015 mutane suka yi ta mamaki. Aronshi aka yi da izinin masu shi, kuma aron ma ba yawa, kiɗa biyu kacal ya zo da su, sai da Sephiroth, babban abokin gabar Cloud, ya shigo a Disamban 2020 sannan aka ƙaro tara.

Maganar ƙarfi kuma, a'a ba ɗaya ba ne, kuma ba zai yiwu ya zama ɗaya ba. A Final Fantasy VII jira kake layinka ya cika sannan ka zaɓi abin da za ka yi, ko sara ko tsafi ko magani, ga lebul da kake ta hawa. Smash babu jira, duka ne kawai har kason raunin mutum ya hau ka cillo shi waje da fili. To Masahiro Sakurai, wanda ya ƙirƙiro Smash, da mutanenshi sai suka ɗauko abu ɗaya daga asalin gem ɗin, wato Limit, wani ma'aunin ƙarfi da ke cika a hankali, suka gina Cloud a kanshi, ni a ganina nan ne suka yi basira.

Limit ɗin yana cika in ka doki wani, ko an doke ka, ko ka danne ƙasa tare da maɓallin B ka tsaya kana caji, wanda hakan kan tilasta wa abokin faɗa ya taso maka ko bai shirya ba. Da ya cika za ka ga Cloud ya ɗau shuɗin haske, gudunshi ya ƙaru, kuma bugu na musamman da zai yi na gaba ya fi ƙarfi sosai, ko Cross Slash ko Blade Beam ko Climhazzard, ko kuma Finishing Touch wanda raunin kashi 1 kawai yake yi amma yana iya aika mutum sama ya tafi kenan. A Ultimate, wato Smash na Nintendo Switch, daƙiƙa 15 gare ka, in ba ka yi amfani da shi ba ya zube, kamar wutar Nepa ce, in ta zo ka yi abin da za ka yi.

Lagonshi shi ne dawowa fili. In aka turo shi gefe babu Limit, tsallenshi ba ya kai wa nesa, waɗanda suka iya gem ɗin can suke jiranshi. Su Ifrit da Odin da Leviathan kuma, halittun da ake kira su taya faɗa a Final Fantasy VII, ba a hannunshi suke ba, a filin Midgar, wanda ya zo tare da Cloud, suke fitowa.

Sai dai fa kar ka je neman Smash a PS4 ɗin gidan gem, babu shi, sai Nintendo Switch. Cloud yana cikin Ultimate na 2018 ba sai ka biya ƙari ba, Sephiroth ne ake saye daban.