Me ya sa iyafis ɗina ke dukan bas amma murya ba ta fita?

Malam, ka ce ka sayi iyafis a kasuwar Garwa, bugun gangar da ke cikinsa na girgiza kai, amma muryar mai wa'azi kamar daga cikin tulu, harafin "s" kuma yana sukar kunne.

Haka aka saita shi. Yawancin masu arha ana ɗaga musu sautin ƙasa, wato bas, da na can sama, a danne tsakiya. Ita kuwa muryar ɗan Adam a tsakiyar take zaune, musamman daga Hz 300 zuwa 3,000 (Hz shi ne ma'aunin kauri ko sirantakar sauti: ƙaramar lamba sautin ƙasa, babba na sama).

Kafin ka taɓa komai, gwada sauran robobin da ke cikin kwalin. Roba in ba ta toshe kunne sosai ba, bas zai tsere, sama ya yi kaifi. Duba ragar bakinsa ma, ƙurar hunturu da dauɗar kunne na toshe ta.

Sannan buɗe ikwalaiza a wayarka, wato wurin da ake ƙara ko rage sautin ƙasa, na tsakiya da na sama. Rage wajen Hz 125 kaɗan, rage 8,000 saboda sukar nan. Ni dai na fi son ragewa da ƙarawa, ƙarawa na kawo ƙarar fashewa.

Kada ka ƙure murya don ka ji magana. In kunne ɗaya ya rage ji ko yana ƙugi bayan ka cire, je ka ga likitan kunne.