Amsoshin Tambayoyinku: Wane Jirgi Zan Saya Bayan Na Koyo?

Wani mai karatu daga Kaduna ya rubuto cewa wata biyu ke nan yana tuƙa ƙaramin jirgin koyo na rimot, yanzu kuma ransa ya biya da samfurin jirgin yaƙin nan P-51 Mustang, yana neman shawara ko ya saya.

Kada ka saya, malam. Jirgin koyo fukafukansa a sama suke, bakinsu ya ɗan ɗaga, shi ya sa yake daidaita kansa idan ka saki sandar rimot. Mustang ba zai yi maka wannan alfarma ba, domin da gudu yake sauka, kuma da zarar ka rage masa gudu a kwana sai fiffike ɗaya ya karkata ƙasa, jirgin ya kife da hanci. Wata biyu ba ta kai a yi wannan tambaya ba.

Wani ɗalibi daga Zariya kuma ya ce ya daɗe yana tara kuɗi, amma yana tsoron ya ragargaza sabon jirgi a ranar farko.

Kwantar da hankalinka, ƙanena, wannan tsoro alamar hankali ce. Idan kana iya saukar da jirgin koyonka inda ka nufa ko da iskar hunturu na kaɗawa, kuma hagu da dama ba sa rikice maka sa'ad da ya juyo yana fuskantarka, to ka isa. Nemi mai fukafukai a ƙasa, mai taya a hanci, wanda aka yi da kumfar EPO, wato wata irin roba mai kama da soso marar nauyi, domin idan ya tsage gam yake gyara shi. Kafin ka biya, tabbatar ana samun farfelarsa, kuma batirin da kake da shi zai yi masa.

Na uku ya tambaya ko ya rage kashe kuɗi ta hanyar sayen batir da caja masu araha, tunda dala ta yi tsada. A nan ne raina yake ɓaci. Mutum zai zuba dukiyarsa a jirgi, sannan ya haɗa shi da batirin LiPo (irin batirin caji da ake sa wa waɗannan jirage) marar suna, alhali araha ba ta ado. Kowane ɗaki na wannan batir, wato kowane ɗaya daga ƙananan baturan da aka haɗa a cikinsa, bai kamata ƙarfin wutarsa ya wuce bolt 4.2 ba idan ya cika, mai ɗaki uku ke nan 12.6, kuma sau da yawa cajar jabu ba ta auna wannan daidai. Cajar iMAX B6 tana cikin waɗanda aka fi kwaikwaya, har kwalinsu kusan iri ɗaya ne. Na taɓa riƙe batirin da irin wannan caja ta lalata: ya kumbura kamar fanke, yana da ɗumi a tafin hannu, mai shi kuma a gefen katifarsa yake cajinsa. Irin wannan wuta yake kamawa, ba a huda shi, ba a sake cajinsa. Kada a bar batir cikin mota a zafin Afrilu, kada a jona shi a tafi masallaci ko a kwanta barci, kuma idan za a ajiye shi kwanaki, a sauke kowane ɗaki zuwa 3.8, a sa shi cikin gwangwanin ƙarfe nesa da yara.