Tambayi Likita: Ya dawo daga Darfur, barcinsa bai dawo ba

Tambaya: Likita, ni tsohon soja ne, barci ya ƙaurace mini. In sayi ƙwayar sa barci ta Baliyam a kemis? (Daga Kawo)

Amsa: A'a, Malam. Yana kama jiki, ranar da ka bari abin ya fi da muni. Ka je asibiti.

Tambaya: Maigidana ya jagoranci sojoji a aikin kiyaye zaman lafiya a Darfur. Yanzu ko kwano ya faɗi a tsakar gida sai ya zabura, cikin dare yana kiran sunayen yaransa sojoji da suka rasu. Dangi sun ce aljanun can ne suka biyo shi, za su kai shi gidan mari. (Uwargida, Unguwar Rimi)

Amsa: Hajiya, don girman Allah kar ki yarda. Mun manta da mutum sama da 300 da 'yan sanda suka fitar daga wani gida irin wannan a Rigasa, Kaduna, a 2019, wasu da sarƙa a ƙafa? Wanda tsoro ya riga ya cinye, a ƙara masa da bulala!

Alamomin nan na ciwon firgici ne da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, kuma ba ya tsoron anini a kafaɗa. Janar Romeo Dallaire ɗan Kanada shi ne kwamandan sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya a Ruwanda lokacin kisan kiyashin 1994. Tun Janairun 1994 ya aika gargaɗi cewa ana tara makamai, aka hana shi kai samame. Da kisa ya ɓarke a Afrilu, Kwamitin Sulhu ya yanke a rage dakarunsa daga kusan 2,500 zuwa 270. Mutum wajen 800,000 suka halaka cikin kwana 100, yana ji yana gani. Shi ma ciwon nan ya kama shi: a 2000 aka tsince shi a sume a wani lambun shaƙatawa, ya haɗa giya da maganinsa. Da ya samu kulawa har sanata ya zama.

Abin da ke cin irin maigidanki shi ne "da na yi kaza, da ba su mutu ba". Kar ki tsare shi da tambayoyi. Ki raka shi asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko asibitin sojoji na 44 a Kaduna. Idan ya fara zancen gara mutuwa, ranar za ku tafi, ba washegari ba.

Tambaya: Addu'a tana hana magani aiki?

Amsa: Ko kaɗan. A yi addu'a, a sha magani, a koma asibiti ranar da aka ce.