In sayar da ɗan kunnena in kai 'yata makarantar da ake cin tarar Hausa?

Tambaya: Salamu alaikum Anti. 'Yata shekararta bakwai, tana aji biyu a wata firamaren kuɗi nan unguwarmu a Kano, kuɗinsu da sauƙi amma malamarsu da Hausa take musu bayani. 'Ya'yan yayata kuma makarantarsu cin tara ake in yaro ya yi Hausa, in sun zo gidanmu turanci kamar famfo, tawa sai ta yi tsuru tsuru. Kuɗin can ya ninka namu sau uku banda yunifom da littattafai da kuɗin mota. Har na fara tunanin sayar da ɗan kunnena na gwal. Ya kika gani?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki adana ɗan kunnenki tukunna, akwai gwajin da zaki yi wanda ko sisi ba zaki kashe ba. Ran da yaran yayar taki suka zo ki samo littafin da ba na makarantarsu ba, wanda ba su taɓa gani ba, kowa ya karanta miki layi biyar, ki ce toh faɗa min da Hausa me aka ce a ciki. A nan ake gane wa ya iya karatu wa ya haddace. Na sha ganin yaron da zai rera miki waƙoƙin nazire kaf, ya gaida baƙo da turanci mai daɗi, amma a nuna masa sabuwar kalma ya haɗa baƙi da wasali sai ido.

Malamar da take bayani da Hausa ba laifi take yi ba. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya yi gwaji a Ile-Ife, aka koyar da wasu yara duk darussan firamare na shekara shida da Yarbanci, turanci kuma a matsayin darasi guda, da aka gwada su da waɗanda aka juya wa turanci tun da wuri ba su gaza ba ko a turancin ma, a wasu darussan har sun wuce su. Nan Arewa ma an yi shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da shirin RANA a Katsina da Zamfara, dukansu da Hausa aka fara koya wa yara karatu. Dalilin a fili yake, bokon Hausa yadda kika faɗa haka zaki rubuta, ba bi bu, yaro ya gane baƙi yana da sauti cikin harshen da yake mafarki da shi, in ya zo turanci abu ɗaya ya rage masa wato harshen kansa. Wanda aka fara wa da turanci zalla kuwa kaya biyu aka ɗora masa lokaci guda.

Amma fa kar ki ce Anti ta ce turanci ba komai bane, WAEC da NECO da JAMB duk da shi ake rubuta su. Don haka ki shirya ki je makarantar tata ba sanarwa, ki leƙa ajin, yara nawa ne a ciki, ana duba musu littafin rubutu ko tun farkon zango ba jan biro ko ɗaya, malamar in ta juya turanci daidai take yi? In 'yarki ta karanta Hausar ta kuma fara haɗa ƙananan kalmomin turanci, barta inda take, rarar kuɗin ki saya mata littattafan labari. In ko ta kasa duka biyun toh a sauya mata, amma can ɗin ma sai kin leƙa aji, kar fentin get da motar makaranta su ruɗe ki. Kuma ki lissafa kuɗin shekara shida ba na zango ɗaya ba, ɗan kunne sau ɗaya ake sayar da shi, yaron da ake koro wa gida duk wata saboda kuɗin makaranta wallahi ba ya karatu.

Tambaya: Anti ɗana shekara uku, wani mai shago ya ce in saya masa tablet ta yara zai iya ABC da wuri. In saya?

Amsa: Malam mai shago kayansa yake son sayarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 cewa ta yi ɗan shekara biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a gaban sikirin a rana, in ya gaza haka ma ya fi. Kuma ka san yadda ake ƙarewa, ABC kwana biyu, sauran duk katun, ga datar da zaka dinga sa wa, ga kuka ran da aka ɗauke wuta ba caji. A shekarunsa hira yake buƙata, a tambaye shi ya ba da amsa. Saya masa ɗan allo da alli da kalar zane, ka tafi da shi kasuwa yana ƙirga maka tumatir, da daddare in kakarsa tana kusa a ce ta yi masa ta Gizo da Ƙoƙi.